Ranar da Yusnidar Ta Sallami Mai Jifa

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun da suka kewaye tafkin Maninjau, ruwan ya yi duhu tun kafin sama ta yi, an buga gangar masallaci mai sanar da lokacin salla amma ladan bai ɗaga murya ba tukuna. Yusnidar na durƙushe a madafa tana naɗe ƙananan kifin tafki cikin ganyen ayaba, na baƙin da suka sauka a Gidan Dutse, masaukin baƙi da mijinta ke gudanarwa a bakin ruwa. 'Yarta Nelfi na gefenta tana kankare kwakwa, tana ba ta labarin wata Baturiya da ta nace sai an koya mata cin shinkafa da hannu, ta ƙare da miya har gwiwar hannu. Cikin dariyar ne wani abu ya daki kwanon gidan, ƙwal, ya gangaro a hankali har ya faɗi ƙasa.

"Birai ne," in ji Nelfi.

"Biri da magariba? Ci gaba da aikinki."

Kafin yarinyar ta mai da hannu kan kwakwar na biyu ya sauka, sai na uku, wannan da ƙarfin da ya sa kajin da ke kwance ƙarƙashin gidan suka watse. Yusnidar ta goge hannu a zane, ta sauka matakalar katako, ta tsaya a fili tana duban itatuwan kirfa da ke bayan gida. Ko ganye bai motsa ba. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, irin wanda ba a samu sai a ƙasan tafki inda ƙafar mutum ba ta kaiwa. Ba a yi ruwa ba ranar, kuma daga gidan zuwa bakin tafki tazara ce da hannun ɗan Adam ba ya jifa ya kai. Ta yi bisimilla ta ajiye shi, ta hau ta rufe tagogi.

Filin nan, daga bakin ruwa har inda gangaren dutse ya miƙe, na gidan su Yusnidar ne tun zamanin da ba wanda ya sani, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika, yadda ƙasa take tafiya a wajenmu. A zamanin kakarta Saunah ne wani Bature ɗan Holan ya zo da 'yan doka ya raba su da ƙasan filin, ya shuka gahawa, ya gina gidan dutse mai farar baranda yana kallon ruwa. Bai ji daɗinsa ba. Tsofaffi sun ce jifa ce ta hana shi sakat har ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, filin ya koma hannun masu shi, ginin kuwa ya zauna babu kowa. Sojan Japan sun leƙa a nasu zamanin, ba su daɗe ba suka nemi wani wurin. Jemagu suka gaje shi, saiwoyi suka tsattsage barandar, yara kan bi ta nesa in an aike su bakin ruwa.

Mijin Yusnidar, Masrizal, shi ya hango abin da wasu ba su hango ba. Ya yi shekaru yana sayar da abinci a birnin Medan, tsaye gaban tukunya har ƙafafunsa suka kumbura, da ya dawo kuwa sai ya zuba duk guminsa a kangon nan. Ya sake rufi, ya jawo wuta da famfo, ya shimfiɗa yashi a bakin ruwa, ya kafa allo a bakin titi. Baƙi suka fara sauka, 'yan birni da Turawa masu jan fata, suna kwance rabi tsirara inda kakannin matarsa ke wanki a da. Masrizal mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya caca. Aibinsa ɗaya: in ya sa farar riga ya tsaya a barandar nan yana nuna wa baƙi tafki da hannu, sai ka rantse shi ya haƙa shi. Yusnidar kan hango shi daga madafa ta yi murmushi kawai, don tana sonsa, kuma ta san ƙasar da yake takawa ta wace ce.

Jifar ba ta tsaya a wannan maraicen ba. Kullum rana ta faɗi sai ta dawo, ta yi ta yi tsakanin magariba da lisha, sannan ta ɗauke ɗif. Masrizal ya ce aikin 'yan hassada ne, ya tara samarin unguwa da fitilu da sanduna suka kewaye gonar kirfa. Suna tsaye a waje sai duwatsun suka koma faɗowa cikin ɗaki, rufi kuwa lafiya lau babu huda. Nan take samarin suka tuna ana nemansu a gida. Daga nan abin ya gangara Gidan Dutse. Baƙi suka fara ƙorafin sawun jiƙaƙƙun ƙafafu a baranda, wata ta dawo daga cin abinci ta tarar da katifarta shafe da taɓo. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaure jakunkunansu, har ranar da Masrizal ya sallami masu aiki, ya sa kwaɗo a ƙofar, ya hawo gida da makullin a hannu kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Sai kuma aka fara kira. Daga wajen ruwa yake tasowa daidai lokacin da haske ke janyewa, murya mai kauri, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, ba ta kuma gaggawa. Suna ɗaya take faɗi. Nelfi.

Yarinyar da ba a iya tsayar da bakinta ta koma shiru. Ta daina zuwa makaranta, ta daina taɓa abinci sai an matsa, ta kan zauna bakin taga ta zuba wa tafki ido har a zo a ɗaga ta. An kai ta asibitin gari, aka duba ciki da waje, ba a ga komai ba. Wata magariba Yusnidar ta idar da salla ta juya, tagar na buɗe, wurin zaman babu kowa. Da mayafin salla a jikinta ta ruga gangaren, ƙaya na yankar ƙafarta ba ta ji ba, ta wuce Gidan Dutse, ta hango 'yarta cikin tafki ruwa ya kai mata ƙirji, tana tafiya a natse kamar mai zuwa kasuwa. Ta faɗa ruwan ta damƙo gashinta. Yarinyar ta juyo, idanunta a buɗe amma babu ita a ciki, bakinta ya motsa, muryar nan mai kauri ta fito.

"Saki. Tawa ce."

"Ƙarya kake yi," in ji Yusnidar. "Ni na haife ta."

Da ƙyar ita da wasu masunta biyu suka fito da yarinyar. Tun daga ranar Yusnidar ba ta ƙara barin ta ita kaɗai ba, ko bayi tare suke zuwa.

Wanda bai san mu ba zai ce ai tana da wasu 'ya'yan, maza biyu suna can birni suna nema. Amma ɗa namiji in ya yi aure gidan matarsa yake komawa, 'ya'yansa na can ne. Nelfi ce kaɗai mace a duk zuriyar Saunah. In ta shiga ruwan nan ba ta fito ba, to an rufe gidan ke nan, murhun ya mutu, makabartar dangi ta rasa mai share ta. Yusnidar ta san wannan, amma ba shi ne ke hana ta haɗiye abinci ba. Abin da ke cin ta shi ne ta yi kewar surutun 'yarta, kewar da ke sa mutum ya ji ƙirjinsa na ciwo.

Tsofaffin matan unguwa suka zo jaje, kowace da shawararta. Wata ta ce a yanka baƙin akuya a bakin ruwa, wata ta ce a ajiye shinkafa mai kurkum da ƙwai a barandar Gidan Dutse, a ba shi haƙuri.

"Haƙurin me?" in ji Yusnidar. "Ya jefe ni a gidana, ya kama mini 'ya, sannan in dafa masa? Wallahi ko ɓawon ƙwai ba zan ajiye ba."

"Ke dai bakinki, Yus. Da irin waɗannan ba a tsiwa."

"To yau an fara."

Yayanta ne, Kawu Bustami, wanda al'ada ta ɗora wa kula da 'ya'yan ƙanwarsa, ya hau kwalekwale ya ƙetara tafki ya ɗauko malamin nan, Buya Jalinus. Tsoho ne ɗan ƙanƙani mai farin gemu, ya karantar da rabin limaman yankin, kuma an san shi da cewa ba ya ɗaga murya ko ga ɗan Adam ko ga wanda ba ɗan Adam ba. Kwanaki ke nan ana ruwa babu ƙaƙƙautawa, gangaren ya jiƙe har ƙasa na tsotson ƙafa. Buya ya hawo matakala yana ɗigar ruwa, ya yi sallama, ya sha shayi, ya nemi a kawo masa ƙwarya da ruwa da lemun tsami. Ya ja su sallar magariba a tsakiyar gidan. Da aka shafa addu'a ya ce a kwantar da yarinyar a tabarma, uwar ta riƙe kanta, uban da kawun su zauna gefe, kada kowa ya yi magana sai ya ba shi izini.

Ya fara karatu a hankali. Wutar lantarki ta ɗauke tun la'asar, fitilar kananzir ce kaɗai ke ci, ruwa na zuba bisa kwano, inuwar mutanen na rawa a jikin katako. Ya daɗe yana yi babu abin da ya faru, har Masrizal ya fara gyara zama. Sai wani wari ya cika ɗakin, warin taɓon ƙasan tafki. Jikin Nelfi ya sandare, yatsunta suka nannaɗe, ta buɗe baki.

"Ya isa, tsoho."

Buya bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen ayar. "Wane ne kai?"

"Wanda ya riga ku zama a nan."

"Musulmi ne kai?"

"Ina jin kiran sallarku tun kafin a haifi kakanka. Ban amsa ba, ban kuma hana ba."

"Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Ladana."

Buya ya ce ya faɗi ladan me. Muryar ta yi magana a hankali, tana ja kamar kowace kalma daga nesa ake ɗauko ta.

"Shekarar da Bature ya sare itatuwan gidan nan, wani mutum ya zo bakin ruwa da turare, yana kuka. Ya ce in kore masa Baturen. Na ce me zan samu. Ya ce 'ya mace daga gidan nan, duk ranar da na so. Na yi aikina. Ginin da Baturen ya bari ya ishe ni, na zauna ciki ban tambayi kowa komai ba. Sai kuka zo da fenti da kiɗa kuka fitar da ni, kuka cika shi da irin waɗanda na kora muku. To, tunda babu gida, a ba ni yarinyar."

Masrizal ya manta da umarnin Buya. Ya matso bisa gwiwoyinsa, fuskarsa jiƙe da hawaye. "Ni na yi gyaran. Ni na kawo baƙin. Ka ɗauke ni, ka bar mini 'yata."

Bakin yarinyar ya yi wata dariya marar daɗi. "Me zan yi da kai? Ba kai aka ba ni ba."

Buya ya matsa lemun cikin ruwa, ya yayyafa, ya koma karatu, wannan karon da nauyi. Abin ya yi ƙara, ya murɗe, ƙafafun Nelfi suka daki katako har kwanuka suka faɗo daga kanta. Yusnidar ta rungume kan tana jin zafin jikin kamar garwashi, sai ta ga jini ya ɓullo daga hancin 'yarta yana gangara bisa zanenta.

"Ƙona ni, tsoho," in ji muryar, tana haki. "Zan fita, amma da numfashinta zan fita. Abin da aka ba ni nawa ne. Ko littafinka ya ce a cika alkawari."

Buya ya tsaya. Ya shafa gemu, ya daɗe yana duban fitilar, sannan ya yi tambaya a sanyaye, kamar mai tambayar hanya.

"Wanda ya yi maka alkawarin, mene ne sunansa?"

"Sutan Bagindo."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi Yusnidar ta saman tabaransa. "Uwar gida, kin ji sunan. Ni na yi nawa. Wannan maganar gidanki ce, na ba ki izini."

Abin da Yusnidar ta yi ya fi muryar aljanin ba mazan tsoro, don dariya ta yi, gajeriya, mai ɗaci.

"Sutan Bagindo! Mijin kakata? Wanda ya hawo matakalar nan da ƙunshin kayansa a hammata? Shi ya ba ka 'yarmu?" Ta sunkuya har fuskarta ta kusa taɓa ta yarinyar. "Kai, duk zaman da ka yi a tafkin nan kana leƙen mutane, ba ka san yadda muke ba? Miji a gidan nan baƙo ne. Muna girmama shi, muna zuba masa shinkafa a kwano mafi kyau, amma ko kazar da ke ƙarƙashin gidan nan ba ya kyauta da ita sai ya tambaya. 'Ya'ya na ɗakin uwarsu ne. Ka tambayi Saunah?"

Ta ƙara riƙe kan yarinyar.

"Ka tambayi ɗan'uwanta?"

"Namiji ne ya yi magana," in ji muryar.

"Namijin wani gida! Ko gawarsa ba a nan take ba, danginsa suka zo suka ɗauke ta suka kai makabartar uwarsa. An cuce ka, bawan Allah. An sayar maka da kwalekwalen maƙwabci, ka zo kana ta da jijiyar wuya a ƙofar mai shi."

Ba ta dubi Masrizal ba, amma ta san inda kalmominta ke sauka, ta kuma ji zafinsu a nata ƙirjin. Mutumin ya sunkuyar da kai yana duban hannuwansa. Kawu Bustami ya yi gyaran murya.

"Ni ne kawun yarinyar nan. Ban bayar ba. Wanda na gada bai bayar ba, wanda ya gada shi ma bai bayar ba."

Sai duwatsu suka zubo bisa kwano gaba ɗaya, kamar an juye kwando, fitilar ta yi ƙasa har ta kusa mutuwa. Mazan suka duƙa suna salati. Yusnidar ba ta ɗaga kai ba, ta kare fuskar 'yarta da jikinta har ƙarar ta lafa. Da muryar ta dawo ta rage kauri, akwai wani abu a cikinta mai kama da gajiya.

"To aikina fa? Da gumina ƙasarku ta dawo hannunku. Haka zan tashi hannu wofi?"

"Nan kam ya faɗi gaskiya," in ji Buya, a hankali. "Faɗi abin da kake so, ban da rai."

"Ginin dutse, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, har bakin ruwa. Kada ƙafar ɗan Adam ta sake takawa."

Kawu Bustami ya saki numfashi. "A ba shi, Yus. Ɗan gefen nan ne kawai."

"A'a."

"Yus!" in ji Masrizal. "Dubi yarinyar nan!"

Ta duba. Leɓen Nelfi sun yi fari, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar, jinin ya bushe a kumatunta. Tsoro ya kama Yusnidar irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron cewa taurin kanta ne zai kashe mata 'ya, kuma za ta rayu da sanin haka. Kalmar amincewa ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta.

"Ƙasar ba tawa ba ce balle in bayar," ta ce. "Riƙo nake yi wa wannan da kake zaune a jikinta, ita ma za ta riƙe wa tata 'yar. In na yanka maka ko taki ɗaya yau, na zama Sutan Bagindo, wata rana ka zo wa jikata da sunana a bakinka. Abin da ka ci da yaƙinka shi ne abin da Bature ya kawo: dutsensa, katakonsa, barandarsa. Kakata ba ta taɓa kwana a ciki ba. Kwashe kayanka ka bar mini ƙasata, ka bar mini 'yata."

Sannan a karon farko ta juya ta dubi mijinta, muryarta ta sauka.

"Uda, mijina, ginin nan akwai guminka a ciki. Wannan kam naka ne, ba ni da ikon bayarwa. Sai abin da ka ce."

Masrizal ya ɗaga kai. Shekarun Medan ne aka ɗora masa a tafin hannu, da kumburin ƙafa, da farar rigar, da duk abin da yake tsayawa a kai in maza na magana a shagon shayi. Ya dubi 'yarsa, ya share fuska da hannun riga.

"Ya ɗauka," ya ce. "Har allon bakin titi, in yana so."

Buya ya tambaya ko akwai mai rai a cikin ginin. Aka ce babu, a kulle yake tun tafiyar baƙi. Ya juya ga yarinyar.

"Ka ji. Ba sadaka aka ba ka ba, ba yanka aka yi maka ba, sallamarka aka yi. Ka rantse da Wanda ya halicce ka daga wuta, ya halicce mu daga ƙasa, ba za ka taɓa rai ba, ba za ka dawo gidan nan ba, kai da zuriyarka."

Ruwa na zuba, wani ƙwaro na kewaya fitila. Idanun Nelfi suka juyo a hankali suka tsaya kan uwarta.

"Ke mace, ba kya jin tsoro ne?"

"Ina ji. Ka ga ya hana ni magana?"

Abin ya yi wani sauti, ko tsaki ne ko dariya, ba wanda ya tantance. Sannan ya rantse, kalma bayan kalma, yadda Buya ya faɗa masa. Rawa ta kama jikin yarinyar daga kafaɗa, ta gangara ƙirji, ta bi ƙafar hagu har babban yatsa, yatsan ya karkaɗa ya tsaya. Warin taɓon ya ɗauke. Nelfi ta saki jiki gaba ɗaya a cinyar uwarta, idanu a rufe, babu motsi.

Yusnidar ta kira sunanta, ba ta amsa ba. Ta kara kunne a ƙirjinta, bugun nata zuciyar ya hana ta jin komai. Buya ya ce a jira, yana jan carbi.

Cikin jiran ne ƙasa ta yi gurnani. Daga can ƙasan gangaren ya taso, mai zurfi, ginshiƙan gidan suka girgiza, ruwan ƙwaryar ya zube. Sai ƙarar tsagewar katako da rugujewar dutse, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba, sannan wata irin faɗawa cikin ruwa da ta sa karnukan ƙauyen duka suka ɗauki haushi. Kawu Bustami ya zabura ya sauka, Masrizal ya miƙe ya kai ƙofa, ya tsaya riƙe da katakon, ya kasa fita ya kasa dawowa. A waje fitilu suka fara ɓullowa, mutane na gudu cikin ruwan sama suna kiran juna.

"Yus! Fito ki gani! Gidan Dutse ya tafi, ya shige tafki gaba ɗaya!"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Tana riƙe da fuskar 'yarta da hannu biyu, tana duban leɓen nan farare, tana roƙon Allah da kalmomin da ba ta san tana da su ba. Aka sake kiranta, aka sake, har masu kiran suka gaji.

Sai yarinyar ta yi tari. Ta sake yi, ta juya kai ta amayar da ruwa mai sanyi bisa tabarma, ta ja numfashi mai tsawo. Idanunta suka buɗe suna neman haske, suka sami fuskar uwarta, suka tsaya.

"Amak," ta ce, yadda take kiran uwarta, da muryarta ta kullum, siririya, a dishe. "Mene ne ya faɗi haka?"

Yusnidar ta kifa fuskarta cikin gashin yarinyar, sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.

"Oho," ta ce. "Ba ke ba ce dai."